Godiya bayan walimar ranar Asabar

Assalamu alaikum warahmatullah.

Tun daren Asabar nake son in rubuta wannan, sai dai gidan bai rabu da baƙi ba sai jiya da la'asar. Yanzu an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta kujerunsu da kulolinsu, Hajiya ta sha magani ta kwanta, ni kuma na samu wuri a soro na zauna. Alhamdulillahi. Duk wanda ya tako zuwa gidanmu, da wanda ya aiko, da wanda ya bugo waya ya ce hanya ce ta hana shi, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Abu biyu aka haɗa a walimar nan, kuma ba daidai suke ba a wurina. Na farko shi ne Hajiya ta tashi, tana taka ƙafarta har ƙofar gida ba mai riƙe ta, bayan jinyar da duk kun sani. Na biyu, wanda Yaya ya dage sai an sa shi a ciki, shi ne sakamakon da na samu a gasar harbi a Afirka ta Kudu, inda nake zaune da iyalina shekaru da dama. Da yawanku kun ja ni gefe kuna tambaya wane irin wasa ne wannan, kuma yaya aka yi ɗan cikin badala ya faɗa cikinsa. Ban samu na amsa wa kowa yadda ya kamata ba a cikin hayaniyar, shi ya sa godiyar za ta ɗan yi tsawo, domin ba za a gane abin da mutanen gidan nan suka yi mini ba sai an san yadda wasan yake.

Gasa ce ta harbi da ƙaramar bindiga, a filin da aka killace, aka zagaye shi da tudun ƙasa mai tare harsashi. Ranar da na fara ganin tudun nan, ganuwar Kano ce ta faɗo mini a rai. Ƙungiyar da ke kula da wasan a duniya, IPSC, an kafa ta a 1976 a Amurka, shugabanta na farko Jeff Cooper, takenta kuma kalmomi uku ne na Latin da ke nufin saiti, ƙarfi, da sauri. Ba a tsaye wuri ɗaya ake yi ba. Gasar kashi-kashi ce, kowane kashi ana ce masa zango. Ana shirya kowane zango da shinge da tagogi da allunan kwali da na ƙarfe, a ba ka 'yan mintoci ka zagaya ka tsara ta inda za ka bi, sannan alƙalin fili ya tsaya a bayanka da na'urar da ke ƙirga lokaci tana jin ƙarar kowane harbi. Tana yin ƙara ka zare daga kube ka fara. Gajeren zango ba ya wuce harsashi 12, matsakaici 24, dogo 32.

Lissafin ne ya daɗe yana ba ni wahala. Tsakiyar kwali maki 5 ne. A rukunin da nake, na bindigar da ba a yi wa gyare-gyare ba, gefen tsakiya maki 3 ne, can baki-baki maki 1. Kuskure ɗaya, wato harsashi bai samu kwalin ba, a cire maka maki 10, ban da 5 ɗin da ka rasa. Daga nan sai a raba makinka da lokacin da ka ɓata. A ce kwali shida ne, kowane harsashi biyu. Na natsu na zuba duka a tsakiya, maki 60 a sakan 12, na tashi da 5. Wani ya zo ya samu takwas a tsakiya, huɗu a gefe, maki 52 ke nan, amma a sakan 8 ya gama, ya tashi da 6.5. Ya cinye ni, alhali kwalina ya fi nasa kyau. Shekara biyu ina dawowa gida da kwali mai kyau da suna a ƙasan jeri, makina bai kai rabin na zakaran rukuni ba.

Sai na ce to, sauri ake so. Na shiga gaggawa inda bai kamata ba. A wata gasa, ina sauya magazin, wato gidan harsasai, ina matsawa hagu, bakin bindigata ya wuce iyaka. Dokar ita ce bakin bindiga ba zai karkata fiye da digiri 90 daga fuskantar tudun ba, ko dama ko hagu, kuma yatsa ba zai shiga wurin kunama ba kana tafiya ko kana sauya magazin. Alƙali ya daka tsawa in tsaya. Na tsaya, na cire harsasai, na nuna masa ba komai a ciki, na mayar kube. An kore ni daga gasar baki ɗaya, a zango na uku. Hukuncin daidai ne, ban taɓa jayayya da shi ba, domin akwai mutane a tsaye a bayana, kowa da iyalinsa. Na yini ina liƙe wa wasu ramukan kwali da takarda mai gam, kamar yadda aka saba, amma zuciyata ta riga ta yanke cewa na bar wasan.

Sati uku bayan haka Yaya ya kira ni da tsakar dare ya ce in taho, jikin Hajiya ya tsananta.

Wata biyar na yi a Kano. Rabin farko tsakanin gida da asibiti ya ƙare, kuma a nan ne godiyata ta fi nauyi. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ɗawainiya da ita, matan unguwa da suka raba kwanan asibiti a tsakaninsu ba tare da an roƙe su ba, abokan Yaya na Kantin Kwari da suka ba da jini, da maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ya riƙa kai abinci safe da yamma ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ba ni da abin biyanku. Allah Ya biya ku da gidan Aljanna.

Da aka sallame ta muka dawo gida, dare ya riƙa yi mini tsawo. Wani dare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida da autarmu, na ba ta labarin korar da aka yi mini, ina nuna mata da tocilan da ke hannuna yadda abin ya faru. Ina juyawa hasken ya sauka a ƙofar ɗakin Hajiya. Sai ta ce, “Yaya, ai ga shi nan ka sake.” Na tsaya ina kallon hasken. Ban ji hannuna ya karkata ba, amma tocila ta nuna. Washegari ta samo gawayi ta ja layi a siminti daga bakin rijiya zuwa madafi, ta ce katangar gabas ita ce tudun. 'Ya'yan Yaya suka liƙa takardun tsohon littafi guda shida a jikin katangar, aka jera bokitai uku a matsayin shinge. Kowane dare bayan isha, in Hajiya ta yi barci, sai in riƙe tocila da hannu biyu, auta ta danna agogon wayarta ta ce “fara”, in bi takardun ɗaya bayan ɗaya ina matsawa. Duk sa'ad da hasken ya tsallake layi, ko ya taɓa ƙafata, sai ta ce “an kore ka”, a koma farko. Makon farko ba na jin akwai daren da ba ta kore ni sau goma ba. Ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba, ko da kuwa na ce iska ce.

Ba bindiga a gidan nan, ba ta taɓa shigowa ba, kuma ina so wannan ya fito fili. Tawa tana can a kulle cikin akwatin ƙarfe, da lasisinta, a ƙarƙashin dokar makamai ta ƙasar ta shekarar 2000, wadda sai ka yi horo ka ci jarrabawa an binciki halinka kafin a ba ka. A nan gida dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin waɗanda aka hana, sai da lasisin shugaban ƙasa. Na taɓa tunanin in sa kafinta ya sassaƙa mini ta katako don hannuna ya saba da nauyi. Yaya ya ce a'a, akwai yara a gida, akwai idon maƙwabta, ga kuma halin da ƙasa ke ciki. Gaskiyarsa ce, na gode da ya hana ni.

Abin da tsakar gidan nan ta koya mini, filin harbi bai koya mini ba a shekara biyu, saboda a can ƙarar harsashi da son ganin rami a tsakiya suna rufe komai. Da ba harbin, sai abin da ya rage ya bayyana. Lokacina ba a jan kunama yake tafiya ba. Yana tafiya ne a tsakanin kwali da kwali, a tashi daga wuri, a isa wuri in tsaya in gyara tsayuwa sannan in ɗago hannu. Auta ce ta lura ina kai hannu kafin ido. Ta ce in fara kallon takardar, hasken zai biyo. Na koyi shiga wuri gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu ya riga ya ɗago, na koyi barin wuri da ƙafar da ta fi kusa da inda za ni. Na koyi in tsara hanya in rufe ido in bi ta a zuci sau da yawa kafin in motsa. Da asuba kuma abokina na ƙuruciya yakan zo ya ɗauke ni mu hau matakalar Dutsen Dala mu sauko, mu sake hawa, har numfashina ya daina yankewa. Aljihuna kullum da ƙwallon roba ina matsawa, har a layin karɓar magani.

Akwai dattijo ɗaya a kulob ɗinmu na can, ya haura saba'in, wanda ban gaya wa kowa zan daina ba sai shi. Duk tsawon zamana a Kano yana turo mini zanen zangunan da suka yi a ƙarshen mako, ya ce in tsara hanyata in turo masa. Sai ya maido da jan biro: nan ka ƙara taku biyu a banza, nan magazin ɗinka mai harsashi 15 zai ƙare kana tsaye, ka sauya tun kana tafiya. Ba ya jin Hausa, amma zan karanta masa wannan in fassara masa.

Na koma, na yi wata biyu ina atisaye ba harsashi a gida minti ashirin kullum, fili kuma sau ɗaya a mako saboda tsadar harsashi. Sannan na shiga gasa mai daraja ta uku, wato ta matakin ƙasa, cikin darajoji biyar da ake da su. Na gama duk zangunan ba a yi mini ko gargaɗi ba, kuskure biyu kacal, makina ya haura kashi 70 cikin ɗari na zakaran rukunin. Ban zo na ɗaya ba, ban kusa ba. Amma sunana ya bar ƙasan jeri ya hau sama da tsakiya, kuma alƙalin da ya kore ni a bara shi ne ya riƙe mini na'ura a zango na ƙarshe, ya miƙo mini hannu bayan na mayar da bindiga kube.

Uwargida, ke kika riƙe gida da yara ke kaɗai wata biyar a ƙasar da ba dangin iya ba na baba, kika kuma ce in koma fili lokacin da ni na haƙura. Kin san abin da ke raina. 'Yan'uwa 'yan Arewa mazauna can da suka riƙa leƙa ku, suka raka ni gasar suka yini a rana, na gode.

Kawu, maganarka ta ranar Asabar tana nan tare da ni. Ka tuna mana cewa lokacin kuna yara, in an ce 'yan bindiga, mutanen Sarki ake nufi, masu ɗura albarushi su yi ta bugawa a Hawan Sallah yara suna bin su da murna, yanzu kuwa kalmar ta zama abin da uwa ke ji gabanta ya faɗi. Ka ce da farko ba ka so wannan wasa nawa ba saboda haka, sai da ka ji an taɓa korata saboda karkatar hannu kaɗai, sannan hankalinka ya kwanta. Na gode da ka faɗa a gaban jama'a, na gode da addu'ar da ka yi wa waɗanda abin ya shafa a garuruwanmu. Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Samarin unguwa da kuka tambaye ni ta ina za ku fara, amsata ɗaya ce, kuma da gaske nake. Kada wanda ya nemi bindiga ta bayan fage, ko ta wasa mai kama da ta gaske, da sunan koyo. Wanda Allah Ya kai shi aikin ɗamara, ko ƙasar da doka ta buɗe wannan ƙofa, ya neme ni, zan ba shi duk abin da na sani.

Gwaggo da tawagarta da suka kwana suna suyar masa da funkaso, masu gurasa da suka zo tun hantsi, Malam da almajiransa da suka sauke Alƙur'ani, Mai unguwa da ya zauna har aka shafa fatiha, Allah Ya ƙara girma. Wanda bai samu abinci ba ko bai samu wurin zama ba, laifinmu ne, a yafe mana. Akwai kula biyu da faranti huɗu da ba mu gane masu su ba, suna wurin Gwaggo.

Jibi zan tashi in Allah Ya yarda. Lambar da aka ba ni ta shaidar kammala gasar na bar wa Hajiya, ta sa an rataye mata kusa da carbinta. Auta kuma ta ce tocilar tata ce, layin gawayin ma kada a wanke, sai na dawo da Sallah ta ga ko hannun ya koma gidan jiya. Ina roƙon addu'arku Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya kai ni lafiya.

Wassalamu alaikum.