Abin da Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Mi-35 Ya Koya Mini Game da Daidaito

Sana'ata ita ce haɗa ƙananan samfurorin gine-gine, irin waɗanda masu zanen gini suke ɗorawa a kan tebur domin mai aiki ya ga gidansa ko kasuwarsa tun kafin a haƙa harsashi. A wani shago da ke kusa da titin Bauchi a Jos na koyi aikin, a hannun maigidana wanda ya daɗe yana yankan kwali da katako mai laushi. Jirgin yaƙi ba ya cikin abin da muka saba yi, sai da wani dattijo da ya yi ritaya daga Rundunar Sojin Saman Najeriya, inda ya yi aikin gyaran jirage, ya kawo mana kwalin kayan haɗa jirgi mai saukar ungulu da ɗansa ya aiko masa daga waje, ya ce yana so ya fito sak da wanda ya yi wa hidima. Maigida ya miƙa mini aikin.

Abu na farko da ya bayyana gare ni shi ne cewa ba a haɗa samfurin jirgi a dunƙule. Dole mutum ya tsayar da jirgi guda, na rundunar ƙasa guda, a wani lokaci sananne na rayuwarsa. Jirgin Mi-24, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara gwada tashinsa a 1969, ya haifi 'ya'ya da yawa, kuma waɗanda aka sayar wa ƙasashen waje sun ɗauki sunaye irin su Mi-25 da Mi-35. Daga nesa duk kamarsu ɗaya: ɗakuna biyu masu ƙullutun gilashi a gaba, maharbi a na ƙasa, matuƙi a na bayansa wanda ya ɗan fi tudu, sai gajerun fukafukai da suka sunkuya ƙasa, da ɗakin da zai ɗauki sojoji takwas a ciki. Amma wanda ya san su ba ya rikita su. Mi-24V yana da bindiga mai baki huɗu ta milimita 12.7 a ƙarƙashin hancinsa, tana juyawa. Mi-24P, wanda ake kira Mi-35P idan an fitar da shi waje, bindigarsa mai baki biyu ce ta milimita 30, a manne take a gefen dama, sai an juya jirgin dungurungum kafin a saita ta. Shi kuwa Mi-35M, wanda rundunarmu ta shigar da shi aiki a 2017, an gajarta masa fukafukai, tayoyinsa ba sa naɗewa, kuma farfelar wutsiyarsa ta gicciye ce mai ruwa huɗu, alhali ta magabatansa ruwa uku gare ta.

Dattijon bai ɓata lokaci ba wajen tsayar da nasa, wato Mi-35P. Ya ce, "Ɗana, nawa bindigarsa a dama take, kuma idan ya tashi yana naɗe ƙafafunsa. Kada ka bi hoton da ke bayan kwalin nan, wannan na wata ƙasa ne." Na ce, "To Baba, sai ka taimaka mini da hotuna." Ya kawo waɗanda yake da su, na ƙara da waɗanda na samu a intanet, kuma kafin in yanke ko da guntun roba ɗaya daga jikin firam ɗinsa, na daɗe ina duba su, ina rubuta abin da kowane hoto ya tabbatar da abin da ya bari a duhu. Yawancinmu mun yi motar kara da ta gwangwani muna yara, kuma a can idan abu ya yi kama da mota an gama magana. A wannan aikin, kama kaɗai ba ta wadatar, domin wanda zai ajiye samfurin a falonsa ya san wurin da kowace ƙofar gyara take.

Lissafin ma'auni shi ne ya fi sanyaya mini jiki. Samfurin yana kan ma'aunin 1/48, wato kowace milimita ɗaya a hannuna tana wakiltar milimita 48 a jikin jirgin gaskiya. Babbar farfelar Mi-24 tana da faɗin mita 17.3, saboda haka a kan teburina ta zama wajen santimita 36. Wannan ɓangaren lissafin mai daɗi ne. Ɓangaren da yake hana mutum sakaci shi ne idan aka juya shi: tsagar da ba ta wuce milimita ɗaya ba a mahaɗar rabi biyu na gangar jikin, a jirgin gaskiya rami ne na kusan santimita biyar, wanda yatsu biyu za su shige. Fentin da ya yi kaurin rabin milimita kuwa daidai yake da ɓawon da ya haura santimita biyu. Da na riƙe wannan a zuciyata, sai cike tsaga da goge ta da sanfefa mai laushi, daga mai ɗan kaushi zuwa wadda ta fi ta santsi, ya daina zama mini aikin ƙarashe, ya koma tsakiyar aikin. Haka kuma na riƙa sake zana layukan fale-falen jikin jirgin da bakin allura a duk inda sanfefa ta shafe su.

Akwai wani abu a jikin wannan jirgi da ya saɓa wa duk tarbiyyar da na samu a aikin gine-gine, inda ido ya saba neman miƙaƙƙen layi da kusurwa madaidaiciya. Waɗanda suka ƙera Mi-24 sun karkatar da babbar farfelarsa da digiri 2.5 zuwa dama da gangan, domin rage turin da farfelar wutsiya take yi wa jirgin zuwa gefe idan yana tsaye a iska. Saboda haka duk wanda ya dube shi ta gaba zai ga kamar ya ɗan jirkice. Maigida da ya leƙo ya ga haka, sai ya ce, "Kai, wannan abin naka ai ya karkace." Na nuna masa hoton jirgin gaskiya da aka ɗauka ta gaba, ya ɗora rula a kai, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in bar shi yadda masu shi suka yi shi. A ganina wannan ne wurin da gwani ya fi fuskantar haɗari, domin hannunsa ya saba gyara abin da ya ga ya kauce, kuma yana iya gyara gaskiya ta koma ƙarya da kyakkyawar niyya.

Farfelar ma tana da nata sharuɗɗan. Ruwanta biyar ne, kuma idan aka dube ta daga sama tana juyawa ne yadda hannun agogo yake tafiya, saɓanin yawancin jiragen Amurka, don haka gefen kowane ruwa mai kauri dole ya fuskanci inda take dosa. Farfelar wutsiya a hagu take. Sannan jirgin da yake ajiye a ƙasa ruwan farfelarsa ba sa tsayawa a miƙe, nauyinsu yana sa su lanƙwasa ƙasa. Na tsoma kowanne a ruwa mai ɗumi, na lanƙwasa shi a hankali a kan wani katako da na sassaƙa domin duka biyar ɗin su sami lanƙwasa iri ɗaya, na bar su suka huce a haka.

Sauran haɗin bai da wuya ga wanda ya bi tsari. Gam ɗin roba mai ruwa-ruwa yana narkar da fuskokin biyu ne su zama abu ɗaya, don haka ɗigo kaɗan a bakin burushi ya isa. Gilashin ɗakin matuƙi kuwa ba a kusantarsa da sufa gulu, domin tururinsa yana bar masa farin hazo, sai dai farin gam na katako wanda yake bushewa garau. Kuma tun kafin a rufe gangar jikin ake cusa ɗan nauyin dalma a hanci, in ba haka ba jirgi mai taya ɗaya a gaba da biyu a baya zai zauna a kan wutsiyarsa.

Fenti ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne garin Jos ya shigo cikin aikin da kansa. Takardun da suke zuwa da irin waɗannan kaya an rubuta su ne ba tare da an san hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar tudun nan, wanda ya kai kimanin mita 1,200 a kan teku, takan bushe ƙayau, kuma fentin da aka fesa da ƙaramin injin feshi yana iya bushewa a iska kafin ya sauka, ya zauna a jikin samfurin da kaushi kamar an yayyafa masa gari. Maganin da na samu shi ne in ƙara tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, har ya kai rabi da rabi ko ya ɗan fi, in rage ƙarfin iskar kwamfaresa, in matso da bakin injin kusa, in kuma yi ta shafawa siriri-siriri maimakon in nemi rufewa a tashi ɗaya. Ƙura kuma ba ta da ranar hutu. Robar da aka goge da busasshen ƙyalle tana jawo ta, saboda haka nakan yayyafa ruwa a daɓen shagon, in goge samfurin da ƙyalle mai ɗan laima, in yi feshin da sassafe kafin motoci su tayar da titi, sannan in kife kwali mai tsabta a kansa nan take. Da damina kuma matsalar takan juya, domin laima tana iya sa fenti mai ƙyalli ya yi fari-fari yana bushewa. Wanda zai yi wannan aiki a nan sai ya riƙa duban sama kafin ya buɗe kwalba.

Batun launi ya koya mini cewa rula tana da iyakarta. Mutumin da yake duban samfurin 1/48 daga nisan rabin mita, daidai yake da wanda ya tsaya mita 24 daga jirgin gaskiya, kuma a irin wannan nisa iska da haske sukan rage wa launi ƙarfi. Idan aka shafa ainihin fentin jirgin a kan ƙaramin samfuri, sai ya fito da duhu fiye da yadda ido ya san shi. Don haka na ɗan sassauta launin rairayi da ruwan ƙasa da koren da ke jikinsa, na gwada kowanne a bayan cokalin roba, na fita da shi rana, na kuma duba shi a inuwa. Hotuna ma ba a yarda da guda ɗaya, domin wanda aka ɗauka da hantsi a Fatakwal da wanda aka ɗauka cikin hazo a Maiduguri za su ba da launi biyu ga jirgi ɗaya. Inda hotuna suka saɓa, na koma ga dattijon, na jera masa cokulan ya zaɓa.

Tambarin rundunar, wato zoben kore da fari da ɗigon kore a tsakiya, ba ya cikin sitikun da suka zo a kwalin. Na yanka da'irori a jikin tef da kamfas mai reza, na fara fesa farin, na rufe shi, sannan na bi da koren. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi kuwa, waɗanda ake jiƙawa a ruwa a zame su a jikin samfurin, sai an fara shafa fenti mai ƙyalli a ƙarƙashinsu, domin a kan fuska mai kaushi iska takan maƙale a bayansu su riƙa walƙiya kamar azurfa. Bayan sun bushe ne ake kashe ƙyallin gaba ɗaya da shafi na ƙarshe.

Wurin da na fi jin nauyin aikin shi ne wajen nuna tsufa da dattin aiki. Masu wannan sha'awa da yawa suna son su cika samfuri da tsatsa da ɓarewar fenti, saboda hakan yana jan ido a hoto. Amma fatar jirgin nan galibi alminiyom ce, ba ta yin jan tsatsa irin ta ƙarfe, kuma dattin da yake jikinsa kowanne yana da dalili da mazauni. Baƙin hayaƙi yana fitowa ne daga bututun injinan TV3-117 guda biyu, iskar farfela ta kwantar da shi baya da ƙasa a gefen jirgin. Fenti yana gogewa ne a matakala da bakin ƙofa da wuraren da makanikai suke taka ƙafa idan za su hau buɗe murfin inji. Ƙura tana taruwa a tayoyi da ƙarƙashin ciki. Da na tambayi dattijon yawan dattin da zan sa, sai ya ce, "Hayaƙi dai ka sa, wannan ba mai hana shi. Amma mai da yake tsiyaya, ba a jirgina ba, domin ba na sa hannu jirgi ya tashi yana zubar da mai." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Samfurin da aka lafta wa datti ba bisa hujja ba yana faɗin wani abu ne game da mutanen da suka kula da jirgin, kuma ba ni da ikon faɗin abin da ban gani ba a kansu. Na niƙa alli mai launi na shafa hayaƙin da busasshen burushi, kaɗan-kaɗan, ina ja da baya ina dubawa, na tsaya tun ina jin kamar da saura.

Wannan aiki ya sauya yadda nake karɓar kowane aiki a shago, har da na gine-gine. Yanzu idan aka kawo mini zanen tsohon gini domin in yi samfurinsa, nakan je in gan shi da idona, in auna abin da zai aunu, domin abin da aka gina ba kullum yake bin abin da aka zana ba. A halin yanzu wani malamin makarantar fasaha ya nemi in haɗa wa ɗalibansa T-129, jirgin da rundunarmu ta saya daga Turkiyya, wanda rukuninsa na farko ya iso a 2023. Na gaya masa sai na gama tara hotunan waɗanda suke ɗauke da tambarin Najeriya kafin in buɗe gam. Abin da na riga na rubuta a littafina shi ne babbar farfelarsa ruwa biyar ce, ta wutsiya ruwa biyu, bindigarsa mai baki uku ce ta milimita 20 a ƙarƙashin hanci, kuma tayarsa ta uku a wutsiya take, don haka shi ba zai buƙaci dalma a hanci ba.