Launin da ya yi mini kwantai, da sunan da ya fitar da shi

Shekara tara ke nan ina sayar da mayafai da yadin mata a Kano. Da akwati ɗaya na fara, ina saro kaya a Kantin Kwari ina bin gidajen unguwa. Yanzu ina da ɗan shago da yara biyu, kuma nakan ba da odar mayafi daga Guangzhou ta hannun wani wakili. Duk mai wannan sana'a ya san launi ne ke fara kama mace. Tun daga bakin ƙofa idonta ya riga ya zaɓa, taɓa yadi da tambayar kuɗi daga baya suke zuwa.

Na daɗe ina mamakin yadda a shekara guda kala ɗaya za ta cika Kwari, daga leshi har jaka da takalmi, kamar an haɗa baki. Ƙanwata da ta karanci zanen yadi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta warware mini. Ta ce, "Yaya, ai kusan haɗa bakin ne." Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Pantone na Amurka ya ba kowane launi lamba, ta yadda mai oda a Kano da mai rini a Chana za su fahimci juna ba tare da sun haɗu ba, kuma tun shekarar 2000 yake fitar da launin shekara, wanda yake sanarwa a farkon Disamba. Kamfanin WGSN da ke Landan, tare da wani kamfanin launi mai suna Coloro, su kuma tun saura kimanin shekara biyu suke faɗin nasu, domin rina zare da saƙa da ɗinki da jigila suna cin lokaci. Masu masaƙu suna haɗuwa a baje kolin Première Vision a Faris su ga abin da ake nunawa. Idan masaƙu suka yarda da launi suka rina shi da yawa, dole ya cika kasuwa. Rabi hasashe ne, rabi kuma su ne suke sa abin ya tabbata.

Da na ji haka sai na ɗauka na samu mabuɗi. A Disambar 2023 Pantone ya sanar da Peach Fuzz, mai lamba 13-1023, a matsayin launin 2024: wani launi mai sanyi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro mai haske. WGSN kuma tun da farko sun zaɓi Apricot Crush na wannan shekarar, wanda ɗan'uwansa ne, ya dai fi shi kaifi. Na ce shi ke nan, bakin manya ya zo ɗaya. Na tura wa wakilina lambar, ya turo mini hoto a waya, na ce a rina. Sauri nake kafin masana'antu su rufe don hutun sabuwar shekarar Chana, wadda ta faɗo 10 ga Fabrairu. Fiye da rabin jarin kayan Sallah na zuba a launi ɗaya, a lokacin da dala ke ta hauhawa.

Kaya suka iso cikin Sha'aban. A shago, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, mayafin ya yi kyau har yarana suna ta yabawa. Mace ta farko da ta ɗauka ta fita da shi bakin ƙofa, kamar yadda masu sayen da suka san kaya suke yi, ta ɗaga shi a rana, ta ɗora a bayan hannunta. Ta dawo ta ce, "Hajiya, wannan ai kamar ruwan hoda ne da ya sha wanki." Na karɓa na fita da kaina. Gaskiya ta faɗa. Ranar Kano ta watan Maris ta shanye ɗan jan da ke cikinsa, ya koma kamar abin da ya koɗe. A waya haske daga bayan gilashi yake fitowa, shi ya sa komai yake sheƙi, yadi kuwa hasken wurin da yake ciki yake ara.

Akwai abu na biyu da ban lissafa ba, alhali kullum a gabana yake. Mayafi ba shi kaɗai ake sa shi ba. Mace takan zo da ƙyallen atamfarta ko leshinta a jaka, ta nemi mayafin da zai hau. Waɗanda suka shigo shagona a azumin nan yawanci kayansu masu kaifin launi ne, kore shar, ja wur, shuɗi mai duhu, kuma nawa bai hau ko ɗaya ba. Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, mayafaina suna jibge a leda. Ban yi barcin kirki ba a makon nan, don kuɗin har da na adashen da na ɗauka.

Abin da ya fitar da kayan bai zo daga inda na zata ba. Bayan Sallah aka shiga bukukuwa, wata uwar amarya ta zo neman ankon ƙawaye da 'yarta ƙarama. Yarinyar ta ja gefen mayafin ta ce, "Umma, kin ga cikin gwanda." Uwar ta sake dubawa, ta ce a ɗora mata shi a kan farin leshi. Ya zauna ɗas. A da ni kaina ban san me zan kira shi ba. In na faɗi sunan Turancin sai a yi shiru, in na ce ruwan hoda sai a ce ai ba shi ba ne. Daga ranar na rubuta "ruwan gwanda" a kan ledar. Ƙawayen amarya suka sa hotuna a Instagram, aka fara bugo waya ana cewa a ajiye mini ruwan gwanda guda biyu. Ban ci riba ba, na dai mayar da yawancin kuɗina kafin Babbar Sallah. Launin bai canza ba, abokin zamansa da sunansa ne suka samu.

Wannan ya sa na koma na saurari yadda muke kiran launi da Hausa. Kaɗan ne ke da sunan kansu: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, da irin su algashi da shunayya. Sauran duk jingina su muke da abin da ido ya saba da shi. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan madara, ruwan zuma, ruwan hanta, ruwan makuba. Mai faɗa da mai ji duk sun taɓa riƙe abin a hannu, don haka ba a buƙatar lamba. Turawa ma haka suke yi, 'ya'yan itacensu da abincinsu suke ara, shi ya sa sunan ba ya tsallakowa. Wani ma daga tarihi aka ɗauko shi: magenta sunan wani gari ne a Italiya da aka gwabza yaƙi a 1859. Lokacin da Pantone ya ba 2023 launin Viva Magenta, ina ganinsa zanen barage na kakata ya faɗo mini, wanda ake saƙawa da jan alharinin da fatake suke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Abin da aka kira sabo, yana cikin adudun tsofaffinmu.

Na kuma je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Wani dattijo yana tsoma farin yadi a karofi, ya ɗago shi kore-kore, yana shan iska yana juyewa shuɗi a gabana. Ya mayar, ya sake ɗagowa, ya ƙara duhu. Na nuna masa wani shuɗi a wayata na ce, "Baba, za a samu irin wannan?" Ko karɓar wayar bai yi ba. Ya ce, "'Yata, kawo mini ƙyalle. Abin da na riƙe shi nake rinawa." Tun daga nan ban sake amincewa da oda ba sai an aiko mini da samfur. Nakan duba shi da hantsi, da tsakar rana, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwai, in ɗora a hannun mai haske da na baƙa, in wanke rabi in shanya in gwada da ɗaya rabin.

Sanarwar Disamba har yanzu ina bin ta, don tana gaya mini abin da zai yi yawa da araha a masana'anta. Amma abin da matan Kano za su so, a wasu wurare nake nemansa. Ina da littafi a shago da muke rubuta duk launin da aka tambaya ba mu da shi. Ina leƙa shagunan teloli uku in duba tarin ƙyallayen da ke ƙasan keke, don babu inda ya fi nan faɗin gaskiyar abin da ake ɗinkawa. Sannan ina tambayar masu labule da masu kujeru, saboda na lura kayan ɗakin amare kan riga sutura juyawa. Shekaru ana ta toka da fari, sai a 2024 wani mai labule ya ce mini iyayen amare sun koma neman ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske. Littafina ma ya nuna haka. Na ba da oda kaɗan, kashi ɗaya cikin biyar na jari, ƙa'idar da na kafa wa kowane sabon launi. Da Disamba ta zo Pantone ya sanar da Mocha Mousse, wani ruwan ƙasa mai haske irin wanda na yi oda, kayana suna hanya. Da na zo sa masa suna, makuba ta yi masa duhu, ruwan ƙasa kuma ba ya sa mace sha'awa. Yaron shagona ne ya dubi kofin da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, shayi mai kauri." Da wannan sunan ya ƙare kafin goman ƙarshe na azumi.

Yanzu wani ƙyalle ne maƙale a jikin tagar shagon, launin da WGSN da Coloro suka zaɓa wa 2026, Transformative Teal, tsakanin kore da shuɗi mai duhu. Ya jure rana, ya jure wanki, ya hau farin leshi da ruwan gwal. Na gwada kiransa "wuyan ɗawisu" a gaban mata biyar. Uku sun gane nan take, biyu sun ce shuɗin ɗawisu ya fi wannan haske. Ban rubuta komai a kan ledar ba tukuna.