Daga Abuja zuwa Rum: inda tafiyar farko ta fi cijewa

Ƙannena masu shirin zuwa hutu Turai karon farko, yawancinku fargabar jirgin sama ce ke hana ku barci. Alhali jirgin shi ne mai sauƙi, ka zauna, a kawo maka abinci, ka yi gyangyaɗi, a sauke ka. Wahalar tana wurin canji: daga wannan jirgi zuwa wancan, daga filin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa, daga tasha zuwa tasha a cikin gari ɗaya. Mu da muka riga ku, da aljihunmu muka koyi wannan. Bari mu ɗauki hanya guda mu bi ta, wato Abuja zuwa Frankfurt ta sama, sannan Paris, Zurich, Milan da Rum ta jirgin ƙasa.

Tun daga biza ake fara kuskure. Jamus, Faransa, Suwizalan da Italiya duk suna cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, biza ɗaya ta ishe su. Amma ba ofishin jakadancin da ka ga dama za ka je ba, sai na ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai na ƙasar da za ka fara shiga. Kuɗinta Yuro 90 ne ga baligi tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance yana da sauran wata 3 bayan ranar da za ka baro yankin. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a tafi, don haka kada ka bari sai lokacin zafin Turai ya matso, layi ya yi tsawo. Birtaniya ba ta cikin wannan yanki. Jirgin ƙasa na Eurostar yana kai mutum Landan daga Paris cikin awa 2 da ɗoriya, amma in babu bizar Birtaniya, tun a tashar Paris za a tare ka.

Tikitin jirgin sama kuwa, ka saye shi a dunƙule. Abuja zuwa Frankfurt kai tsaye kusan awa 6 ne. Masu bi ta Istanbul, Alƙahira ko Addis Ababa sukan fi araha, kuma babu laifi muddin duk zangon yana kan tikiti ɗaya, domin idan jirgin farko ya yi jinkiri, kamfanin ne zai nemo maka na gaba, kayanka kuma su wuce da kansu. Wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don ya rage 'yan kuɗi, shi zai ɗauko akwatinsa a tsakiya ya sake awo, kuma in ya makara, tikiti na biyu ya bi ruwa. Ka duba ratar da ke tsakanin jiragen biyu. Abin da ya gaza awa 2 a babban filin da ba ka sani ba, ganganci ne.

Yawancin kamfanoni kilo 23 suke ba kowane akwati, wasu ma akwati biyu. Kada wannan ya ruɗe ka. A jirgin ƙasa babu ɗan dako, kai za ka kinkimi kayanka ka hau matakala uku, ka nema musu wuri, cikin minti biyu ko uku da jirgi yake tsayawa a ƙananan tashoshi. Akwati ɗaya da za ka iya ɗagawa da kanka, da jakar goyo, sun isa. A jakar hannu ka sa fasfo, takardun otal da inshora da tikitin dawowa a buge a takarda, maganin da kake sha, kaya na canji ɗaya, da batirin cajin waya, wanda doka ta hana a sa shi a akwatin da ke shiga cikin cikin jirgi. Turare, mai da duk abin da yake ruwa-ruwa, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100. Sai maganar da ke ɓata wa mutanenmu rai: kilishi, dambun nama da man shanu ba sa shiga Tarayyar Turai, domin an haramta wa matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Ko Hajiya ta matsa, ka ba ta haƙuri, kwandon shara za su ƙare. Kuɗin hannu da ya kai Yuro 10,000 kuma dole ka bayyana shi ga kwastan.

Cikin jirgi ba shi da dogon zance. Ka nemi abincin Musulmi ta shafin kamfanin kwana 2 kafin tashi, ka sha ruwa sosai don iskar ciki busasshiya ce, ka riƙa miƙewa kana takawa saboda kumburin ƙafa, kuma lokacin sauka ka riƙa haɗiyar yawu in kunne ya toshe. Mun yi sa'a ɗaya: agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma sun gabace mu da awa 1 kacal. Gajiyar da za ka ji ta rashin barci ce kawai, tunda da dare ake yawan tashi.

Ranar sauka ce ranar da aka fi yin asara. Mutum ya ga an rubuta jirgi zai sauka ƙarfe 6 na safe, sai ya sayi tikitin jirgin ƙasa mai araha na ƙarfe 7 zuwa Paris. Bai lissafa layin jami'an shige da fice ba, inda za a tambaye shi wurin kwana, ranar komawa da abin da zai kashe, yanzu kuma har da ɗaukar hoton yatsu da fuska ƙarƙashin tsarin da aka fara a Oktoban 2025. Bai lissafa jiran akwati ba. Tikitin araha na Deutsche Bahn, kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, wanda suke kira Sparpreis, a ɗaure yake da jirgin da aka rubuta a jikinsa, in ya wuce ka saboda jinkirin jirgin sama, sai dai ka sayi sabo a farashin ranar. Ko dai ka bar ratar awa 3, ko ka kwana a Frankfurt ka kama hanya washegari, ni na fi son na biyun. Idan akwatinka bai fito ba, ka cike takardar ɓatan kaya kafin ka bar wurin, ka karɓi lambarta. Ka kuma lura tashar jirgin ƙasa biyu ce a filin: Regionalbahnhof ta masu shiga gari, Fernbahnhof ta masu dogon zango.

Game da katin Eurail, wato katin hawa jiragen ƙasa a madadin tikiti ɗai-ɗai, wanda ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba, yana aiki a ƙasashe 33, kuma 'yan shekara 27 zuwa ƙasa suna samun ragi. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne katin ba kujera ba ne. A jirage masu gudu irin su TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya da Eurostar, da kuma jiragen dare, sai ka biya kuɗin kama kujera daban, kuma a wasu hanyoyin kujerun masu kati ƙayyadaddu ne, suna ƙarewa a lokacin hutu. A cikin Jamus da Suwizalan kam yawanci hawa kawai za ka yi. Jiragen Italo, wani kamfanin jirgin ƙasa a Italiya, ba sa karɓarsa sam. Dole kuma ka shigar da kowace tafiya a manhajar wayarka ka kunna ta kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ɗauke ka kamar wanda bai biya ba. A hanya irin tamu mai zango huɗu da ranakun da aka riga aka tsayar, sau da yawa sayen tikiti ɗai-ɗai tun wata 2 ko 3 kafin tafiya ya fi araha. Ka ɗauki biro ka haɗa lissafin biyun kafin ka biya.

Paris ba ta da babbar tasha guda. Jirgin Frankfurt, bayan kusan awa 4, a Gare de l'Est yake ajiye ka. Na Zurich daga Gare de Lyon yake tashi, can wani ɓangaren gari, sai ka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa da akwatinka. Wanda zai yi wannan canji a rana ɗaya ya ba shi awa ɗaya da rabi. Ba a bayyana layin da jirgi zai tsaya sai kusan minti 20 kafin tashi, ana kuma rufe shiga saura minti 2. Allo ba ya rubuta sunan gari da Turancin Ingilishi, za ka ga München, Köln, Wien, Firenze, Roma. Lambar jirgi da lokacin tashinsa za ka bi, domin allon yana nuna tashar ƙarshe ne, wadda ƙila ba can za ka ba. Kalmar layin tsayawa ita ce Gleis a Jamus, voie a Faransa, binario a Italiya.

Akwai wani tarko da ba a gane shi sai an faɗa. Wasu jiragen guda biyu ne aka haɗa, su rabu a wata tasha a hanya, gaba ya nufi wani gari, baya ya nufi wani, kuma ba a iya ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki. Ka duba lambar taragonka a tikiti, ka nemi harafin da ya yi daidai da shi a bakin layi, ka tsaya nan. Ƙofa kuma ba ta buɗe kanta, akwai maɓallin da ake dannawa. An sha ganin baƙo tsaye da akwati yana jiran ƙofa har jirgi ya ja da shi.

Kada sunan Jamus ya sa ka yarda da canjin minti 6 da manhaja ta ba ka. A 'yan shekarun nan fiye da ɗaya cikin uku na jiragensu masu dogon zango suna makara. In tafiyar kan tikiti ɗaya take, kana da damar hawa na gaba kyauta, kuma doka ta ba ka kashi 25 na kuɗinka idan jinkiri ya kai awa 1, kashi 50 idan ya kai awa 2. Suwizalan ce ke da cika alkawari, sai dai ba ta amfani da Yuro, kuma layukan waya da yawa da aka saya don Turai ba su haɗa da ita ba, ka bincika kafin a cinye maka kuɗi. Daga Zurich zuwa Milan awa 3 da 'yan mintuna ne, ta ramin Gotthard mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016. A Italiya, tikitin takarda na ƙananan jiragen yanki sai an saka shi cikin 'yar na'urar da ke bakin layi ta buga masa lokaci. Wanda bai yi ba tara ce, kuma "ban sani ba" ba ta karɓuwa. A Milano Centrale da Roma Termini, manyan tashoshin Milan da Rum, wanda ya zo da fara'a zai taya ka danna injin tikiti, ka yi masa godiya ka wuce, jakarka kuma a gaba.

Ban ɗakin tasha na kuɗi ne, kusan Yuro 1, kuma babu buta, ka riƙe ƙaramar gora. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe 10 saura, asuba kuma ta yi sammako, don haka ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kana gida. Ka haddace sunayen alade: Schwein, porc, maiale, da kuma Speck da prosciutto da ake cusawa cikin burodi. Ranar Lahadi shagunan Jamus a rufe suke, sai na cikin manyan tashoshi. Kan cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu, ka sayi mahaɗi siriri mai ƙafa biyu zagayayyu. Mutanen Nijar su kam nasu yana shiga. Idan injin katin banki ya tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki.

Wajen dawowa, ka nemi tikitin da zai shiga ta Frankfurt ya fita ta Rum, ya fi ka sake ratsa ƙasa uku don kawai ka kama jirgi. Daren ƙarshe ka kwana a garin da za ka tashi, saboda yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ba baƙon abu ba ne a Italiya da Faransa. Ka kuma karanta bizarka da kyau: akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarje maka, wanda yakan gaza tazarar ranakun biyu. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su, kuma kwana ɗaya da ka ƙara zai iya bayyana a gabanka ranar da ka koma neman wata bizar.