Wuƙar Opinel a hannun ɗan maƙera

Sana'ata wasa wuƙaƙe da sayar da su, a ɗan shagona da ke Damagaram. Gidanmu gidan ƙira ne, amma ni ban zauna gaban uwar maƙera ba, dutsen wasawa na riƙe. Duk wuƙar da ke garin nan, ta mahauci da ta mai tsire da ta baduku, wata rana sai ta biyo ta hannuna ko na wani irina. Cikin na aljihu masu naɗewa kuwa, babu wadda nake ɗora wa dutse da daɗin rai kamar Opinel ta Faransa.

Wanda ya ƙirƙiro ta ma ɗan maƙera ne. Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890, a wani ƙauye kusa da Saint-Jean-de-Maurienne cikin duwatsun Savoie, inda mahaifinsa ke ƙera kayan sara da yanka na manoma. Don makiyaya da manoma da masu gonar inabi ya yi ta, mutanen da za su yanka burodi da ita da rana, su datse reshe da ita da yamma. A 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12, a 1909 kuma ya yi rajistar tambarin da ake bugawa a jikin ƙarfen har yau: hannu mai yatsu uku a miƙe da kambi a samansa, hannun kuma ya samo shi ne daga alamar garin Saint-Jean-de-Maurienne. Zoben kullewa, wanda ake murzawa ya hana wuƙar rufewa a hannu, ya zo daga baya, a 1955, aikin ɗansa Marcel ne. Yanzu a Chambéry ake yin ta, kuma har gobe kamfanin yana hannun zuri'arsu.

Idan ka warware ta, abu biyar kawai za ka samu: ƙarfen yanka, ƙota ta itace, ƙusa ɗaya, abin wuya na ƙarfe, sai zoben da ake murzawa. Babu wani sifirin a ciki da zai karye. Ƙotar daga itacen da Faransawa ke kira hêtre ake fafe ta, dunƙule guda, an tsaga mata rami inda kaifin ke kwanciya. Lamba 8 ce aka fi saye, ƙarfenta santimita 8.5, ta cika tafin hannu ba ta yaga aljihu. Masu lambun mangwaro da ke yin aure ga bishiyoyi sun fi son ta saboda sirantar bakinta, tana shiga ɓawo ba ta farfasa shi.

Iri biyu ake yi, mai rubutun Carbone da mai rubutun Inox. Ta biyun ba ta tsatsa, kuma ita nake ba matan gida da masu sayar da kayan marmari. Ni dai ta farkon ce tawa. Tana baƙi idan ta taɓa lemon tsami ko albasa, idan ka bar ta da jiƙa ta kwana sai ka tarar da ja-ja a jikinta, amma kaifin da take ɗauka daban ne. Ka shafa ta a dutse kaɗan, ka ji ɗan siririn ƙarfe ya lanƙwaso a baki ta ɗaya gefen, ka juya ta, ka ƙarasa a bayan fata. Shi ke nan ta aske gashin hannu.

A wurin Baffana na koyi jin wannan lanƙwasowar. Ina yaro aikina zuga, daga baya ya matsar da ni gefen dutse. Ba ya bayani da baki. Sai ya kama babban yatsana ya goga shi a gicciye kan bakin wuƙar, ya ce, "Ka ji?" Idan na ce ban ji ba, ya ce, "To koma, ɗana, ba ta kai ba." Idan na danne da ƙarfi don in gama da wuri, daga ƙarar dutsen kaɗai yake ganewa, ko da ya ba ni baya yana dukan garma. A jakarsa na fara ganin wuƙar Faransa, ba Opinel ba ce, ɗayar ce da tsofaffinmu suka fi sani, Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke yi a garin Thiers tun 1929. Ita ƙotarta faifan ƙarfe ne da aka ninke, shafal kamar ba komai a aljihu, kuma ta yaɗu sosai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka. Akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka zana wa tambarin Agadas a maimakon hoton dodon da ke jikin ta asali. Ta Baffa wasawa ta cinye ta har ta koma siririya, amma bai yarda kowa ya taɓa ba.

Abin da ke ƙona min rai a sana'ar nan shi ne jabu. Kasuwa ta cika da masu kama da Opinel, an shafa wa ƙotar fenti mai ƙyalli, har an kwaikwayi hannun da kambin. Mutum ya zo ya ɗauki tawa, ya juya ta, ya ji kuɗin, ya ce, "Haba Malam, irinta fa na gani a tire a bakin tasha, kuɗin wannan ɗaya sai in sayi biyar." In ce masa albarka, Alhaji, je ka sayo. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da ita wai in wasa masa. Ƙarfen nan ko ka kwana kana gogawa ba ya riƙe baki, yana laushi kamar gwangwanin madara, zoben kuma ko dai ya ƙi murɗuwa ko ya fita fit ya faɗi ƙasa. Na taɓa ganin wadda ta rufe a kan yatsan wani yaro yana feƙe sanda. Ta gaske kana murza zobenta za ka ji yana matsewa sannu a hankali har ya kama ƙarfen gam, lambar girman tana jikin zoben, tambarin kuma ya nutse cikin ƙarfe da tsabta. Wani dillali ya taɓa kawo min kwali guda, na saman na gaske, na ƙasan duk jabu, yana rantsuwa daga Faransa suka taso. Tun daga ranar, ɗaya bayan ɗaya nake buɗe su a gaban mai kawowa kafin in biya.

Tana da halinta da ya kamata mai saye ya sani, kuma ina faɗa tun kafin a biya. Itace ne, yana bin yanayi. Da damina ƙotar kan kumbura ta riƙe ƙarfen har farce ya kasa ciro shi. Kada ka sa awartaki. Ka riƙe ta ta wajen zoben, ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan benci, bakin zai leƙo da kansa. Da hunturu kuma abin ya juya, itacen ya bushe, wuƙar ta yi sako-sako. Wannan ni nake gyarawa: in zare zoben, in ɗora kan ƙusar a ƙarfe, in ɗan taɓa ta da ƙaramar guduma, in mayar. Dattin da ke taruwa a ramin ƙota kuma da tsinke ake fitar da shi, a ɗiga ɗan mai. Kada a jiƙa ta cikin kwano tare da kwanukan wanke-wanke.

Idan layya ta matso mutane kan tambaye ni ko za ta yanka rago. A'a. Yanka yana son doguwar wuƙa mai tsayayyen ƙarfe, wadda maƙeranmu suka iya, kuma ita nake nuna musu. Lamba 10 dai tana taimakawa wajen fiɗa da gyaran nama, amma kada a sara ƙashi da ita, kada kuma a ɓamɓare murfin gwangwani, bakin siriri ne, zai ɓalle.

Duk wadda aka saya a wurina, wasawar farko kyauta ce, kuma akwai wani baduku maƙwabcina da ke ɗinka mata kube na jar fatar akuya daidai girman lamba 8 da lamba 9, ga wanda ya fi son rataya ta a ɗamara. Mai tsohuwa a gida da ta dakushe ko ta yi tsatsa, ya kawo ta da safe kafin rana ta take, lokacin ne nake zama kan dutse.