Na je Sikotilan na tarar da masu kukan haraji

Yau kwanana 6 da dawowa, jaka ma ban gama kwance ta ba, amma duk wanda muka haɗu da shi a masallaci ko a ofis sai ya ce, "Malam, me ka gano a ƙasar sanyi?" Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ɗan ƙanwata ne ya gama karatu a Edinbara, babban birnin Sikotilan. Uwarsa na fama da ciwon ƙafa, sai aka ce kawu ya je ya wakilce ta. Bikin na yini ɗaya ne, an yi an gama, an ɗau hotuna. Abin da ya zauna mini a rai daban ne, wani tsohon littafi ne da aka ɗora mini a kan matashi kamar jariri.

Kafin nan bari in fitar da abin da ke cina. A filin jirgin da muka fara sauka, wani jami'in shige da fice, yaro ne wanda na haife shi, ya ɗauki fasfo ɗina da yatsu biyu kamar ya tsinto shi a kwata. Ba gaisuwa, ba sannu da hanya. Me kake yi a ƙasarku? Na ce ma'aikacin tara haraji ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa ya biya maka kuɗin jirgi? Na nuna masa takardu. Ya sake tambaya, na sake nunawa. Sau uku. Na haɗiye, don baƙo rumfa ne. Amma ina tsaye a gabansa sai na tuna mutanen da ni ma nake tsayarwa a gaban teburina ina sa su maimaita magana. Ban ji daɗin tunawar ba.

Edinbara gari ne na duwatsu, gini baƙi-baƙi, hawa da gangara, ga iska mai shiga ƙashi alhali wai bazara suke ciki. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kafin ka yi isha'i ka miƙe asuba ta kawo kai. Shayi kofi ɗaya fam 3, ruwan zafi da ganye kawai, ba biredi ba ƙwai. Na lissafa da naira sau ɗaya, yaron nan ya ce, "Kawu, in ka ci gaba da wannan lissafin yunwa za ta kashe ka." Abin da ya wanke mini rai shi ne wani kanti na kayan gwanjo da ƙungiyoyin taimako ke buɗewa, inda na sami kwat mai kauri fam 8. Na ce a sallama fam 6, matar ta yi murmushi ta nuna mini takardar da ke maƙale. Ba ciniki. Ko albarka ba sa cewa.

Mai gidan da yaron yake haya tsohuwa ce, ta haura 70, 'yar asalin yankin Fayif da ke tsallaken ruwa. Shi yana kiran ta da sunanta gatsal, abin da kunnena ya kasa ɗauka, ni kuwa na sa mata Gwaggo, da aka fassara mata ta yi ta dariya. Ta kira mu cin abinci, ta yi miyar kayan lambu da kifi don ta san ba ma cin namansu. Da ta ji aikina sai ta tafa hannu ta ce gobe in shirya, akwai abin da za ta nuna mini. Ashe tana cikin tsofaffin nan da suke aikin sa-kai a ƙungiyar binciken tarihin dangi, suna kwafe tsofaffin takardu.

Da safe muka hau jirgin ƙasa, muka bi ta kan jar gadar ƙarfen nan ta mashigin Forth wadda aka buɗe tun 1890. Shekara 130 da ɗoriya, jirgi yana bi kullum, ko motsi ba ta yi. Na yi shiru, na tuna wata gada a hanyar garinmu da ruwa yake cinyewa duk damina. Da muka sauka muka shiga bas, Gwaggo ta nuna wani kati ta wuce ba ta biya ba. Duk mazaunin ƙasar da ya kai 60 haka yake hawa kyauta. Ni da na kai, na biya.

A ɗakin adana takardun tarihi aka karɓe jakata aka kulle, aka ce biro haramun ne sai fensir. Ko sisi ba a karɓa ba. Sai ga littafin, na zaman kwamitin kula da matalauta na wata ƙaramar gunduma, na shekarun da suka biyo bayan 1845. Rubutun a karkace yake, tawada ta koma ja, ni ban iya karanta ko layi biyu ba sai da Gwaggo ta sa tabarau tana bi da ni. Amma lissafin kuɗin kam ba wanda ya fassara mini. Fam, sule, kwabo. Sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, ga sisi ga taro, kuɗin da muka tashi da su kafin naira ta zo a 1973. Sai na ji kamar littafin mahaifina ne, wanda ya yi malamin haraji a zamanin En'e.

Ga yadda abin yake a wancan zamanin. Ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma, kusan 880, kowace da cocinta. Tun dokar 1579 nauyin gajiyayyu yana kan gundumarsu, kuma dattawan coci da masu ƙasa ne ke riƙe da asusun. Kuɗin daga farantin ƙofar coci yake fitowa ranar Lahadi, da tarar da ake cin masu laifi, da wasiyyar masu hali, har da hayar wani baƙin mayafi da ake rufa wa akwatin gawa. Wannan ya ba ni mamaki, mu da makara take jingine a masallaci kowa ya ɗauka. Wasu gundumomin kuma sukan ba gajiyayye lambar dalma ya rataya, izinin yin bara ke nan a cikin gundumarsa kaɗai. Doka ta yarda a ɗora haraji in faranti bai isa ba, amma masu ƙasa ba sa so, don su zai fi ci. Zuwa 1845 gunduma wajen 230 ce kawai ke karɓa. Sai a 1843 cocin ƙasar ya dare biyu, limamai sama da 450 suka fice da mabiyansu, faranti ya rame. Dole ta sa aka yi dokar 1845, aka kafa kwamiti a kowace gunduma da sufeton matalauta, da hukumar sa-ido a Edinbara. Daga nan gundumomi suka yi ta komawa haraji, kuka kuma ya tashi.

Kukan shi ne abin da Gwaggo ta kawo ni in gani. Bayan an yanka wa kowa nasa, sai kwamiti ya sa ranar sauraron koke, magatakarda ya rubuta kowa da abin da ya kawo. Tana karantawa ina dariya har jami'ar ɗakin ta ɗago kai. Manomi mai hayar gona ya ce an yi wa gonarsa ƙima fiye da kima, rabinta fadama ce ruwa ke kwanciya. Masunci ya ce bana teku ba ta ba da komai ba. Wani ya ce ya bar gundumar tun kafin a yi lissafi. Wani an rubuta shi sau biyu. Mai kanti kuwa bai tsaya kan nasa ba, sai da ya nuna maƙwabcinsa, ya ce wancan ya fi shi ciniki amma an yanka masa ƙasa da nasa. Wallahi wannan na ƙarshen na ji shi a Kantin Kwari ya fi a ƙirga, kalma da kalma, bambancin kawai namu yakan haɗa da rantsuwa.

Dalilin irin kukan mai kanti yana cikin dokar kanta. Ta ba gunduma zaɓi. Ko a raba harajin biyu, rabi kan masu gidaje da gonaki, rabi kan masu zama a ciki, bisa kuɗin hayar shekara. Ko kuma a shigo da abin hannun mutum da samunsa, wanda samunsa bai wuce fam 30 a shekara ba a ƙyale shi. To wa ya san samun wani? Ƙiyasi ne za a yi, maƙwabtanka su zauna su dubi rigarka da dokinka su yanke. In ka ce an yi maka yawa, sai ka tona asirin aljihunka a gabansu. Rigimar ta yi yawa har a 1861 aka soke wannan hanyar. Mu har yau da ƙiyasi muke yi wa 'yan kasuwa, kuma ni da hannuna nake sa hannu a kai.

A gefen kowane koke akwai hukunci, gajere. An karɓa. An rage rabi. An ƙi. Doka ta ba kwamiti ikon yafe wa wanda ba shi da halin biya, don haka matan da mazansu suka mutu da tsofaffi sun fi samun yafiya. Abin da ya burge ni, ba wanda aka ce masa je ka dawo gobe har magana ta bi ruwa. An rubuta, an amsa. Amma ban bari burgewar ta rufe mini ido ba. Su wa ke zaune a kwamitin? A gundumomin karkara duk mai dukiyar da hayarta ta kai fam 20 a shekara yana da kujera, sai wakilan dattawan coci, sai 'yan kaɗan da masu biya suka zaɓa. Wato masu biyan ne alƙalai, kuma su ne ke yanke abin da za a ba gajiyayye. Kura ce aka ba ajiyar nama. Da muka juya shafi zuwa jerin masu karɓa sai dariyata ta tsaya. Sule ɗaya da sisi a mako, sule 2 in da yara. Mai ƙarfi a jika ko ya rasa aiki ba shi da haƙƙin ko kwabo. Wanda bai yi shekara 5 a gunduma ba, sai a yi ta musayar wasiƙa da gundumar da aka haife shi kan wa zai ɗau nauyinsa. Gwaggo ta ɗora fensir a kan sunan wata mata da aka yafe wa haraji, ta juya 'yan shafuka, ga sunan nan kuma a cikin masu karɓa. Ba ta ce komai ba, ni ma haka.

La'asar ta yi mana a Anstruther, garin masunta a bakin teku. Ta saya mana soyayyen kifi da dankali a cikin takarda, na zaro kuɗi ta buge hannuna. Kifin ya yi daɗi, sai dai ba yaji, ruwan tsami suke zubawa, gara ma da na taho da yajin ƙuli a aljihu. Tana ci tana ba ni labarin Thomas Chalmers, limamin cocin da aka haifa a garin a 1780, babban mai adawa da harajin matalauta. A ganinsa in aka tilasta, zumunci zai mutu, ɗa ya bar wa gunduma uwarsa. Ya gwada nasa tsarin a gundumar St John's ta Gilasgo daga 1819, ya kasa ta kashi 25, kowanne da mai bin gida-gida, a fara neman dangi da maƙwabta kafin a taɓa asusu. Wani likitan Edinbara, William Alison, ya fito a 1840 ya ce yunwa ce ke kawo zazzaɓin da ke kashe talakawan birni, sadaka ba ta isa ba. Na ce mata ai wannan gardamar a zaurenmu ake yin ta. Zuciyata tana wajen limamin, don mu ma dangi ne asusunmu. Amma na ga tsofaffin da dangi suka watsar a bakin asibiti, don haka kaina yana wajen likitan. Abin dariyar, Chalmers ɗin ne ya jagoranci ficewar 1843 da ta ramar da farantin, har harajin da ya ƙi ya zama dole.

A hanyar dawowa na ba ta labarin haraji da jangali, yadda ake ɗaure magidanci a rana a ƙofar dagaci, da yadda gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. Ta ce su ma an ɗora musu kuɗin kai a 1989, shekara guda kafin Ingila, mutane suka ƙi biya, ita ma tana ciki. Ta faɗa tana ɗaga kai kamar wadda ta ci yaƙi. Ni ma'aikacin haraji ina zaune kusa da ita ina cin alewarta.

Gilasgo yini ɗaya muka yi. Ɗakin karatu na Mitchell yana da takardun neman taimako na matalautan birnin jibgi guda, amma ruwan sama da ciwon gwiwa suka sa na leƙa kawai na fito. Juma'a na yi ta a babban masallacin Edinbara, bayan sallah muka ci shinkafa da miyar 'yan Pakistan, mafi arhar abincin da na ci a tafiyar. Landan kwana biyu, cunkoso da tsada, ba abin faɗa.

Kwat ɗin na bar wa yaron. Na dawo da takardar fam 20 guda ɗaya ta bankin Sikotilan, don can bankuna uku ne ke buga tasu daban da ta Ingila. Jiya na kai ta wajen 'yan canji, mutum uku suka juya ta gaba da baya, suka ɗaga ta a rana, na ƙarshen ya ce, "Alhaji, wannan ba fam ba ce." Tana nan a cikin fasfo.