Abin da tsofaffin safofin hannu suka koya mini a shagon keke

Sana'ata gyaran keke ce da sayar da kayansa a Jos, kuma cikin masu zuwa wurinmu akwai mahayan da ba kwalta suke bi ba, bayan gari suke fita su shiga duwatsu, wasunsu har tsaunukan Shere da ke gabashin birnin, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Irin waɗannan mutane sukan daɗe suna shawara kafin su sayi taya ko birki ko hular kwano, amma idan aka zo kan safar hannu sai su ɗauki wadda launinta ya burge su, su biya, su tafi. Wannan yana damuna, domin hannu ne ke juya kan keke, shi ke kama birki, shi ke sauya giya, kuma idan mutum ya faɗi shi ne yake fara miƙawa ƙasa tun kafin ya yi tunani.

Mafi yawan abin da na sani game da safa ba daga sababbin da ke rataye a shago na koye shi ba, daga tsofaffin da ake kawowa ne. Saboda haka duk wanda ya zo neman sabuwa nakan roƙe shi ya kawo wadda ya gama da ita, domin tana faɗin abin da mai ita bai lura da shi ba. Idan kan yatsu ne ya fashe alhali tafin yana nan lafiya, to yatsun safar sun yi masa gajarta, ko kuma faratansa ne ke cin ɗinkin daga ciki. Idan tafin ya yi tattara, ya yi sheƙi a gindin yatsu, mai ita kuma yana kukan bororo da kanta, to safar ta yi masa yawa, ƙyallen yana naɗewa tsakanin fatarsa da robar kan keke, gogar nan kuwa ita ce ke haifar da bororon. Idan tsakanin babban yatsa da manuniya ne ya yage, wannan ba laifin mahayi ba ne, wurin ne ya fi ko'ina shan wahala, kuma safar da ba a ƙara wa ƙyalle na biyu a nan ba daga nan take fara mutuwa. Wanda ya fi sa ni tsayawa in yi tambayoyi shi ne idan na ga gefen dunduniyar tafi, ɓangaren ƙaramin yatsa, ya lotse ya baje, domin alama ce ta cewa mahayin yana ɗora nauyin jikinsa a kan hannuwansa fiye da kima.

A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanina da masu saye. Mutum zai zo ya ce hannunsa yana sagewa a kan hanya, ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi suna mutuwa, yana son safa mai soso mai kauri. Abin da ke faruwa sananne ne ga likitoci. Akwai jijiyar da ke saukowa ta gefen gwiwar hannu, ta ratsa wani ɗan matsattsen mashigi a wuyan hannu da ake kira mashigin Guyon, ita ce ke kai ji ga waɗannan yatsu biyu, kuma idan aka daɗe ana danne ta sai su sage. Akwai wata jijiyar da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu, wadda idan ita aka matse, babban yatsa da manuniya da na tsakiya ne ke sagewa, abin da ya fi faruwa ga wanda ke riƙe kan keke wuyan hannunsa a lanƙwashe baya. Soso mai kauri ba ya ɗauke nauyin da ke danne jijiyar, wani lokaci ma idan bai zauna daidai ba sai ya tura matsin cikin mashigin da ake son a kare. Bugu da ƙari yana ƙara wa abin da ake riƙewa kauri. Ƙarfen kan keke a wurin riƙo milimita 22.2 ne, robar da ake sa masa takan kai shi wajen milimita 30 zuwa 34, idan kuma aka ƙara soso a kai sai mai ƙaramin hannu ya koma yana damƙa da ƙarfi don kada keken ya kuɓuce masa, damtsensa ya gaji tun kafin a kai rabin gangara.

Shi ya sa kafin in sayar wa irin wannan mutum safa nakan ce ya kawo keken. Sau da yawa sai in tarar hancin sirdi ya sunkuya ƙasa yana zame shi gaba, ko sirdin ya yi tsawo kan keken ya yi ƙasa, ko maƙallan birki sun kalli wani wuri da ke tilasta wa wuyan hannu karyewa, ko an cika wa taya iska ta zama kamar dutse, ko robar riƙo ta tsufa ta taurare. Gyaran waɗannan ba ya cin kuɗin safa guda, kuma shi ne maganin. Ban ce soso ba shi da amfani ba. Wanda ke yin doguwar tafiya a kan burji da keken da ba shi da abin shanye girgiza a gaba zai ji daɗin siririn soso, muddin an shimfiɗa shi gefe da gefe an bar kwari a tsakiyar dunduniyar tafi. Amma ga mai sauka a kan duwatsu, wanda ke tsaye a kan feda mafi yawan lokaci, na fi ba shi tafi mai shimfiɗa ɗaya mara soso, don ya riƙa jin abin da tayar gaba ke yi. Wanda kuma sagewar hannunsa ta wuce kwanaki bayan ya sauka daga keke, ko ya ga yatsunsa sun rasa ƙarfi, asibiti nake tura shi, domin wannan ya fi ƙarfin shago.

Batun awo mai sauƙi ne, sai dai ba a cika yin sa ba. Ana zagaya tef ɗin tela a tafin hannu ta kan gaɓoɓin gindin yatsu, ban da babban yatsa, a hannun da mutum ya fi aiki da shi. A ma'aunin Turai na safofin kariya, kewayen milimita 203 shi ne lamba 8, milimita 229 lamba 9, milimita 254 kuma lamba 10. Haruffan girma irin su S da M da L da kamfanoni ke rubutawa ba abin dogaro ba ne, matsakaiciyar wani kamfani ita ce ƙaramar wani, kuma awon kewaye ba ya faɗin tsawon yatsu. Don haka ba na yarda a gwada safa hannu a buɗe. Nakan ajiye kan keke na musamman a shago, mutum ya sa safar, ya damƙa, ya miƙa manuniya zuwa birki, ya danna giya da babban yatsa. Hannu a dunƙule ya fi tsawo ta baya, ya fi gajarta ta ciki, safar da aka yanka a miƙe sai ta ja kan yatsu ta kuma tara ƙyalle a tafi, wadda aka yanka da ɗan lanƙwasa kuwa sai ta kwanta. Ya kamata sabuwa ta ɗan kama hannu domin za ta saki, amma bakin wuyanta kada ya matse, saboda hannu yana kumbura idan zafi da tafiya suka haɗu.

Mutane da yawa sukan nemi mai yankakkun yatsu saboda zafi, kuma a kan kwalta ba ni da ja. A cikin duwatsu kuwa ba na ba da shawararta ko kaɗan. Birkin zamani mai aiki da mai da yatsa ɗaya ake kama shi, yatsa mai gumi kuma yana iya zamewa daga ƙarfe a lokacin da aka fi bukatarsa. Sannan hanyoyinmu suna ratsa ƙayoyi, kuma a Filato gonaki da yawa da kerana aka yi musu shinge, itacen da ban da ƙayarsa yana da farin ruwa mai ƙona fata, wanda ya fi muni idan mutum ya taɓa shi sannan ya murza ido. Maganin zafi shi ne bayan safar ya zama raga mai shigar da iska, tafin ya zama mai ƙananan huji, ba a bar yatsu a waje ba. Ɗan tawul ɗin da ake ɗinkawa a bayan babban yatsa don share gumi shi ma ba ado ba ne.

Game da abin da aka yi tafin da shi, yawancin safofin keke na yanzu fatar roba ce, irin su Clarino na kamfanin Kuraray na Japan, kuma dalilin zaɓenta shi ne tana jure wanki da gumi ba ta bushe ta taurare ba. Fatar akuya ta gaske ta shahara wajen haɗa taushi da ƙarfi a siririn jiki, mu kuma mun fi kowa sanin haka, tunda fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce fatake suka riƙa ketarawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Safar fata ta fi jure gogar dutse, amma gishirin gumi yana cin ta, tana son a shanya ta a inuwa a shafa mata mai, wanda ba zai yi wannan hidima ba gara ya tsaya ga ta roba. Duk da haka na lura ba ƙyalle ne ke fara gazawa ba, ɗinki ne. Nakan juya safa ciki waje in duba: ɗinkin yatsu ya kasance siriri mara tudu, kada ya ratsa ta ƙarƙashin farce ko ta tsakiyar tafi, wuraren jan nauyi kuma a yi musu layi biyu. Zanen roba mai danƙo da ake mannawa a kan yatsu yana taimakawa wajen birki amma shi ke fara ɓarewa, bai kamata a biya kuɗi mai yawa dominsa ba. Maɗaurin Velcro kuwa, mai ƙananan ƙugiyoyi da ke mannewa idan an danna, ƙura da 'ya'yan ciyawa suna cika shi ya daina kamawa, shi ya sa na fi son wuya mai roba wanda ake zurawa kawai, idan dai ya dace da hannun mutum.

Kariyar bayan hannu ta danganta da inda mutum yake hawa. Kan keken dutse na yanzu yana da faɗi, yawanci milimita 740 zuwa 800, saboda haka a matsattsiyar hanya gaɓar ƙaramin yatsa da ta kusa da shi su ke fara dukan itace ko dutse. Mai gudu a gangara zai amfana da safar da aka sa wa roba a kan gaɓoɓi, ko wani abu kamar D3O na wani kamfanin Ingila, wanda yake da laushi a hannu amma yake taurarewa a daidai lokacin da aka buge shi. Mai hawa a hankali a fili ba ya bukatar wannan nauyi da zafi. Abin da nake nanata wa kowa shi ne iyakar aikin safa: tana kare fata daga ƙujewa da yanka, tana hana tsakuwa shiga tafi, amma ba ta hana karaya. Wanda ya faɗi ya tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu yana iya karya ɗan ƙashin nan na gindin babban yatsa, ko ƙashin wuyan hannu, ko ƙashin wuya da ke haɗe da kafaɗa, komai tsadar abin da ya sa. Wannan ɗan ƙashi na gindin babban yatsa yana da wuyar sha'ani, domin karayarsa takan yi kama da targaɗe kuma jini ba ya isarsa sosai, don haka ciwon da ya ƙi tafiya a wurin yana son hoto, ba ɗauri kawai ba.

Ba kowa ke da kuɗin safar da aka yi musamman don keke ba, kuma ba na ganin wannan ya isa ya hana mutum hawa. Waɗanda suka fara wannan wasa a gundumar Marin ta Kalifoniya, inda aka yi tseren gangarar Repack na farko a 1976, da tsofaffin kekuna da kayan aiki na yau da kullum suka yi shi. Siririyar safar makanikai tana yin aikin sosai, har ma tana da wani fifiko, domin da yawansu suna ɗauke da tambarin EN 388, wato gwajin ƙarfin safofin kariya na Turai, mai lambobi a ƙasa. Lambar farko ita ce jure goga, daga 1 zuwa 4, inda mataki na 1 ke nufin ƙyallen ya jure zagaye 100 a injin gwaji, na 2 zagaye 500, na 3 zagaye 2,000, na 4 kuma 8,000. Sauran suna nuna jure yanka da yagewa da huji. Sai dai gwajin hujin da wani ƙarfe mai kama da ƙusa ake yin sa, babbar lamba a nan ba ta nufin siririyar ƙaya ba za ta ratsa ba. Safar magina mai kauri da ta masu walda ba su dace ba, haka ma ta masu manyan babura, wadda aka yi don zamewa a kan kwalta da gudu, domin duk suna kashe jin birki. A kasuwar gwanjo ana samun masu kyau, muddin an duba ɗinkin an kuma ja robar wuyan an ga ba ta mutu ba.

Sanyin hunturu a Jos yana da nasa hukunci, musamman ga masu fita da asuba, domin yatsan da ya daskare ba ya kama birki a kan lokaci. Kuskuren da ake yi shi ne a nemi safa mai kauri ta ko'ina, alhali iska ce ke bugun bayan hannu, ba tafi ba. Wadda ta dace ita ce mai bayan da ke tare iska da siririn tafi, wanda kuma zai iya ya riƙe biyu, ta sanyi da ta zafi, ya sauya idan rana ta ɗaga. Safa biyu da ake musanyawa sun fi daɗewa, tunda kowace tana samun lokacin bushewa. A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a manne Velcro kafin wanki don kada ya tsige ragar, a shanya a inuwa, kada a bar ta dunƙule cikin hular kwano da gumi a jikinta. Ɗinkin da ya warware a kan yatsa baduku ko tela zai mayar da shi da zaren nailan, amma idan tafin ya yi siriri har ana ganin haske ta cikinsa, ko safar ta saki tana juyawa a hannu, to lokacin sauya ta ya yi.