Ƙaramin cokali ɗaya a rana: yadda na rage gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙiyasin hukumar kuma ya nuna cewa abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya haura giram 10, ninki biyu ke nan har da ɗoriya. Maganar ta zama tawa ne lokacin da awon jinina ya riƙa haura 140 bisa 90, wato hawan jini, duk zuwan da na yi asibiti.

"Malama, zan rubuta miki magani, amma akwai naki rabon aikin," in ji likita. "Gishiri nawa kike ci a rana?"

Na ce, "Likita, ni fa ba mai son gishiri ba ce."

Ta yi dariya. "Duk wanda ya zauna a kujerar nan haka yake cewa. Ki je ki auna tukuna."

Awon na fara da shi. Na samu ɗan kofi mai murfi, kowace safiya in zuba masa gishirin girkin yinin gaba ɗaya, rabin ƙaramin cokali ga kowane babba da zai ci daga tukunyar, sauran rabin kuma na bar wa abin da ke zuwa da gishirinsa daga waje. Babbar robar gishirin na ɗauke ta daga gefen murhu na kai can saman kanta. A ranar farko, kafin a ɗora girkin dare kofin ya koma fayau. Hannun mai girki ba ya lissafi: ɗan barbaɗe a ruwan shinkafa, ɗan barbaɗe a kan nama, wani a miya, a ɗanɗana a ƙara, kowanne kuma a ganinsa ɗan kaɗan ne.

Abin da ke tayar da jinin shi ne sinadarin sodiyum, wanda ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri. Jiki na buƙatarsa, jijiyoyi da tsoka ba sa aiki sai da shi, amma ɗan kaɗan ya wadatar. Idan ya yi yawa a jini sai ya riƙe ruwa, ƙishirwa ta taso, a sha, yawan jinin da ke zagayawa ya ƙaru. Ƙoda ce ke da aikin fitar da rarar ta fitsari, kuma idan rarar ta zama ta kullum, ba ta iya fitar da ita sai da ƙarin matsin jini. Shekara da shekaru a haka, bangon jijiyoyin jini ya yi tauri, tsokar zuciya ta yi kauri saboda tunkuɗa jini da ƙarfi, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙodar kanta su raunana. Daga nan shanyewar ɓarin jiki ke fitowa, da gazawar zuciya, da ciwon ƙoda. Duk wannan kuma ba tare da mutum ya ji ciwo ko kaɗan ba.

Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne binciken da aka wallafa a 1988, wanda ya auna mutum fiye da 10,000 a ƙasashe 32. A cikinsu akwai ƙabilar Yanomami ta dajin Brazil, waɗanda kusan ba sa cin gishiri sam. Jininsu a ƙasa yake, kuma ba ya hawa idan sun manyanta. Rayuwarsu ta bambanta da ta sauran mutane ta fuskoki da yawa, gaskiya ne, amma dai ta nuna cewa hawan jini ba dole ne ya zo tare da furfura ba.

Kofin nan ya gyara hannuna, sai dai babban aikin yana cikin leda da gwangwani. Na koyi juya kaya in karanta rubutun baya. Wasu kamfanoni gishiri suke rubutawa, wasu sodiyum, kuma lambar sodiyum tana yaudara saboda ƙanƙantarta: sai an ninka ta sau biyu da rabi take zama gishiri. Miligiram 400 na sodiyum giram 1 ne na gishiri. Na ari ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, inda abincin da ya wuce giram 1.5 na gishiri a kowane giram 100 ake lissafa shi mai yawa, wanda bai wuce giram 0.3 ba kuma mai kaɗan.

Na tsaya a kicin da dunƙulen miya a hannu ina karanta ƙananan rubutun jikin kwalinsa. Gishiri ne farko a jerin kayan haɗin, kuma a irin wannan jeri abin da ya fi yawa ake fara rubutawa. Ashe duk tukunyar da aka jefa wa dunƙule aka kuma barbaɗa gishiri, sau biyu aka sa mata. Ƙullin garin ɗanɗano da ke cikin taliyar leda shi kaɗai zai iya cinye fiye da rabin rabon yini. Burodi ya fi ba ni mamaki, don harshe ba ya jin gishirinsa, ga shi ana cin sa kullum. Sai kifin gwangwani, da cuku, da naman da aka sarrafa. Har magungunan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa akwai sodiyum a cikinsu.

Makonnin farko ba daɗi. Miya ta zama lami, maigida ya kai loma ɗaya ya ɗago ya ce, "Uwargida, yau gishirin ya ƙare ne?" Da na ga za a yi tawaye, sai na koma ragewa a hankali, kowane mako in ɗan zabge kaɗan ba tare da na yi shela ba. Birtaniya ma haka ta yi wa jama'arta. Daga 2003 aka sa kamfanonin abinci su riƙa rage gishiri sannu-sannu, kuma zuwa 2011 abin da mutum ke ci a rana ya sauko daga giram 9.5 zuwa 8.1. Harshe yana sabawa cikin wata ɗaya zuwa uku. Na riƙa soya albasa har ta yi ja, in ƙara tafarnuwa da citta, in matsa lemon tsami bayan an sauke tukunya, ɗan gishirin kuma in bar shi sai ƙarshen girki. Yanzu idan na ci abincin waje, gishiri nake fara ji kafin komai.

Me ya canza? Zoben da ke matse mini yatsa da yamma ya saki, shatin safa a idon sawuna ya ragu. Nauyina ya ɗan sauka a kwanakin farko, amma ruwa ne ya fita, ba kitse ba. Awon jini da nake yi a gida, a zaune bayan hutun minti biyar, hannu daidai da ƙirji, ya sauko kaɗan, kuma ya zauna. Wannan ya dace da nazarin da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama: rage kusan giram 4 na gishiri a rana yana sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 ga masu hawan jini, da kimanin 2 ga waɗanda ba su da shi. Maganina ban daina ba, likita ma ta ce wasu magungunan sun fi aiki idan gishiri ya ragu.

Ta kuma auna sugana, na tambaye ta me ya haɗa gishiri da suga. Shi gishiri ba ya ɗaga suga kai tsaye. Amma sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yana sa ƙoda ta riƙe sodiyum, don haka mai ƙiba ko mai irin ciwon sugan da insulin ke yin yawa a jini, jininsa ya fi saurin hawa da gishiri, ga ƙodarsa dama tana cikin haɗari. Sannan abinci mai gishiri yana sa a ci da yawa, a kuma kora da lemon kwalba. Ni kaina lemon ya ragu ba tare da na yi niyya ba, don ƙishirwar ta ragu.

Daga baya na ji labarin gishirin da aka cakuɗa da wani sinadari mai suna fotasiyum. A wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, aka wallafa a 2021, mutum kusan 21,000 ne suka shiga, an ba rabinsu gishiri mai kashi 75 na gishirin da aka saba da kashi 25 na fotasiyum. Cikin kusan shekara 5 shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a tsakaninsu, mutuwa kuma da kashi 12. Na kai wa likita maganar, ta ce sai ta duba ƙodata da irin maganin da nake sha, domin ga mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini, fotasiyum na iya taruwa a jini har ya rikita bugun zuciya. Ta kuma ja mini kunne cewa ranar da gudawa ko amai suka kama mutum, ruwan gishiri da suga zai sha, ba ranar ƙauracewa gishiri ba ce.

Shi kuwa gishirin teku da gishirin nan mai launin ruwan hoda mai tsada, sodiyum ɗinsu kusan ɗaya ne da na gama-gari, kuma sau da yawa babu sinadarin aidin a cikinsu. Ɗan abin da nake zubawa a kofin, mai aidin nake saya, saboda maƙoƙo.